Yadda Za Ka Ceci Muhalli Ba Tare da Ka Wanke Nafkin Ko Ɗaya Ba

Kai da aka yi wa haihuwa, matso kusa. Idan ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci unguwa za ta san ka da kishin muhalli, surukarka za ta riƙa sa maka albarka, hannunka kuwa ba zai taɓa kashin jariri ba. Ɗalibina na farko, wani mai aski, da su ya yi suna har ake kiransa Baban Muhalli.

Mataki na 1: Yi jawabi

Jira sai surukarka ta zo ganin jika. Gyara murya, ka ce ƙunzugun kanti, wanda ake sawa sau ɗaya a yar, ba ya ruɓewa, shi ke toshe magudanar ruwa, kuma tattaɓa-kunnenka zai tarar da shi a bola. Duk gaskiya ne, kuma ba abin da ke riƙe ƙarya kamar gaskiya.

Mai aski har da buga ƙirji: "Mama, gidan nan daga yau sai nafkin na ƙyalle. Ranar hutuna kuma ni zan yi reno, ni zan wanke."

Surukar ta sa masa albarka. Matarsa ta dube shi kawai, ta adana maganar.

Mataki na 2: Sayo na kanti, amma daga nesa

Kada ka saya a layinku, mai kantin yana da baki. Ɓoye shi inda matarka ba ta sa hannu. Mai aski ya cusa nasa a jakar kayan aiki, tsakanin injin aski da buroshi, domin matarsa ta tsani guntun gashi. Da ta fita aiki sai ya ɗaura wa yarinya na kanti, kafin ta dawo ya mayar mata da nafkin.

Mataki na 3: Jiƙa, ka shanya

Ɗebo wankakkun nafkin daga durowa, ka tsoma a ruwa, ka matse, ka shanya a igiyar da ake hangowa daga titi. Shafa ɗan kumfa a gwiwar hannu. Idan ka ji motsin ƙofa, dafe ƙugu ka yi nishi.

Matar mai aski ta tsaya gaban igiya ta ce, "Sannu da aiki. Ko tabo babu. Da alama 'yarka kunyarka take ji."

Ya ce, "Wanki ai sai hannun namiji."

Kai kada ka faɗi haka. Mata ba sa manta irin wannan magana.

Mataki na 4: Ɓatar da shaida

Kwandon sharar gida tarko ne. Mai aski ya ɗaga murfin magudanar bayan gida ya riƙa tura na kantin da yarinya ta ɓata ciki da sanda. Za a ce maka rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ka lura, dubu ba kaɗan ba ce.

Mataki na 5: Yi fatan kada a yi ruwa

Nan ne ɗalibina ya yi sakaci. Shi ƙunzugun kanti don shan ruwa aka yi shi, kuma ba ya cewa ya ƙoshi. Ranar da aka tafka ruwa surukar tana gidan. Magudana ta toshe, ruwa ya dawo tsakar gida ɗauke da kayan, sun kumbura kamar burodi, suna tafe a jere. Ɗaya ya zo ya tsaya a ƙafar surukar.

Mai aski bai sare ba. "Na maƙwabta ne, Mama. Mutane ba su da kishin muhalli."

Autan maƙwabcin kuwa gemu gare shi.

Matarsa ta sa tsinke ta juya ƙunzugun. Duk gefen da ake mannawa guntun gashi ne, baƙi da furfura. Ta ce, "Baban Muhalli, shi ma maƙwabcin aski yake yi?"

Mataki na 6: Karɓi bokiti da hannu biyu

Kada ka yi gardama. Surukar ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta jawo kujera ta zauna, ta tura masa bokitin nafkin na ranar da ƙafa, ta ce, "Ai ba ka yi ƙarya ba, ɗana. Yana toshe magudana."

Tun daga ranar wanki ya zama nasa, da hutu da ba hutu, kuma sai matarsa ta shinshina kafin ya shanya.

Gargaɗi: mai wannan darasi ba ruwansa da ambaliya, ko fushin suruka, ko hannun da sabulu ya cinye. Wanda kuma ya je aski ya ji hannun mai askin yana ƙamshin sabulun wanki, ya sunkuyar da kai ya yi shiru, domin reza tana hannunsa.