Hatimin da Baba Agali ya ƙera

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da ɗan guntun darmar nan ba, wanda bai fi ƙwayar gujiya girma ba. Ga abin da ke rataye a jikinsa: shekara tara ina kai gishirin Tigidda kudu a bayan jakuna, shekara biyu ina sayen fatun dabbobin da fari ya kashe, raƙuma shida da na sayar tun kafin su faɗi, da rabin filina na bayan tasha. Duka na tattara na kai Yamai, na dawo Agadas da sabuwar mota kat-kat fara mai buɗaɗɗen baya, da takardar garanti ta shekara guda. Wata biyar da sayenta moter, wato injinta, ya mutu. Sabon moter kuwa kuɗinsa ya kai sulusin kuɗin motar. Ko dai kamfani ya ba ni shi kyauta, ko in koma bin jaki.

Lokacin fari ne, soja ke mulki. Ana sauke hatsin agaji a wani babban sito a cikin gari, mu masu ƙananan motoci muna kai shi ƙauyukan Ayar da rugage, inda manyan kamiyo ba sa iya shiga. Aikin akwai kuɗi, akwai lada, kuma (in faɗi gaskiya) kuɗin na fara gani.

Ranar da na karɓi motar, mai sayarwa ya buɗe mini gabanta ya nuna mini pompin gazuwal, man da motar ke sha. A jikinsa akwai wata siririyar waya a murɗe, an ɗaure bakinta da hatimin darma mai lamba. Ya ce, "Wannan kada kowa ya taɓa." Na ce to. Ban tambaye shi dalili ba, ban tambaye shi abin da ya halatta a taɓa ba. Takardar kuma da faransanci take, ni kuwa faransancina na kasuwa ne, ya san lissafi bai san doka ba.

A Agadas ba a barin mota yadda ta fito. Sani Ɗan Tawa, mai gyaran motar da kowa ke kai wa, ya ƙara mata lam, wato ƙarafan sifirin, biyu-biyu a baya don ta ɗauki nauyi, ya ɗaure mata tano, gangar ajiye gazuwal. Duk da haka in ta shiga rairayin kori, busasshen rafi, da buhuna sai ta yi ta nishi. Sau biyu ina kafewa, tsofaffin motoci masu ɗaure da igiya suna wuce ni, direbobinsu suna ɗago mini hannu, "Sannu da sabuwa, patron."

Na kai wa Sani kuka. Ya ce, "Waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa ganin rairayinmu ba, sun shaƙe mata wuya ne. In na juya bis ɗin nan, 'yar ƙusar da ke jikin pompi, rabin juyi za ta sha gazuwal ta ƙoshi. Amma sai na yanke wayar nan. Ka ji dai na faɗa."

Na ce, "Yanke."

Ya yanke. Wata biyu ba wanda ya ƙara ganin gabana sai bayana, da baƙin hayaƙi. Ni ke ɗago hannu yanzu. Sai wata safiya a hanyar Ingal wata jar fitila ta kama a gabana, moter ya yi ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe, ya tsaya cak. Ɗaya daga cikin tsofaffin motocin nan ce ta jawo ni gari da igiya.

Na aika waya Yamai. Amsa ta zo cewa shugaban garajin kamfani zai iso Agadas nan da kwana goma, zai duba. Kwana goma ya ishi mai wayo ya halaka kansa.

Sani ya ajiye tsohon hatimin a cikin gwangwanin tumatir, a tsage biyu. Na ɗauke shi, na haɗa da darmar tsohon batiri, na nufi tsohon gari wurin Baba Agali. Baba Agali maƙerin azurfa ne na Buzaye, wanda matan gari ke jira wata uku don ya yi musu abin wuya. Na ce masa ado nake so in rataya wa motata, amma ya zama daidai da wannan, harafi da harafi, lamba da lamba.

Ya juya guntayen a tafin hannunsa, ya gyara tagilmus ɗinsa, rawanin nan na Buzaye. "Wa ya yi wannan aikin?"

"Nasara, Baba."

"Ba shi da ubangida ne da zai buge masa hannu?" Ya ture darmar da yatsa. "Ni ba na aikin darma, ɗana. Amma tun da kai ne mai kai wa 'yan'uwana hatsi, dawo gata."

Yadda yake yin abin wuya haka ya yi shi: ya sassaƙa shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa, ya zuba narkakkiyar darma. Har da ramin da waya za ta bi. Da na je karɓa na aza shi kusa da na asali, na duba haruffa, na duba lamba, na sake dubawa a rana. Ni da nake gane gishirin da aka cuɗa da ƙasa tun daga nesa, ni da ba a taɓa sayar mini da fata mai huda ba, fuskarsa kawai na duba. Ban juya bayansa ba.

Sani ya mayar da bis ɗin inda yake, ya zura sabuwar waya, ya shafe wurin da dattin moter. Yana yi yana cewa, "Ni dai ba na nan, patron. Ina Tawa."

Ranar dubawa a filin sito aka yi ta, da hantsi, domin ajidan ɗin soja da ke kula da jigilar hatsi yana son ya san motar da za ta koma aiki da wadda ba za ta koma ba. Direbobi sun fi ashirin, ga masu dako, ga ajidan a kan kujerarsa a inuwa. Shugaban garajin wani gajeren Bazabarme ne, Shef Hamani, cikin shuɗin kayan aiki, da gilashin ido rataye da zare. Yana ganin tsagar Gobir a fuskata ya washe baki (wanda bai sani ba, mu Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne, ba a fushi tsakaninmu).

"Af, ashe bawana ne mai motar. Wa ya ba Bagobiri abin da ya fi jaki gudu?"

Na ce, "Shef, da kuɗina na saya, ba wake na kai ba." Aka yi dariya, na ji daɗi, sai bakina ya ƙi tsayawa. "Motar nan kamar amarya na riƙe ta. Gabanta ban taɓa buɗewa ba sai don duba ruwa. Yadda kuka ba ni haka take." Ba wanda ya tambaye ni.

Shef ya nufi motar. Ya zagaya ya ga ƙarin lam, ya ƙwanƙwasa tano. Sai ya ce, "Wannan tsakaninka ne da ƙafafunta, ba ruwan moter." Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Na ga masu gyara da yawa, amma ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba. Ba ya neman makulli sau biyu, kowace ƙusa ya kwance sai ya jera ta a kan tsumma bi da bi. Sani da kansa ya tsuguna yana kallo kamar ɗan makaranta. Kafin shayin direbobi ya kai na biyu ya fito da pompin baƙin mai a hannu, sandarsa a karye. Ya sa gilashi, ya nuna mini wani ɗan rami a cikin karayar.

"Ka ga wannan? Tun wurin zuba ƙarfen ya shigo. Naka ne na huɗu da na gani. Mai ya daina zagayawa, moter ya cinye kansa. Ba laifinka ba ne, bawana."

Na ji kamar in rungume shi. Na ma fara tunanin ragon da zan yanka. Ya ɗauko takarda, ya ce saura ya rubuta lambar hatimi, shi ke nan.

Ya goge shi da tsumma. Ya sake gogewa. Ya matso da gilashi.

"Shekara ashirin da biyu ina ganin plomb," in ji shi, "ban taɓa ganin mai kyau haka ba. Namu da ƙarfe ake matse shi, gefensa duk kaushi ne. Wannan har sheƙi yake."

Na ce, "Ai ina goge shi." (Ni da na ce ban taɓa buɗe gabanta ba sai don ruwa.)

Ya sa farce ya juya bayansa. Can a tsakiya akwai wasu 'yan ɗige-ɗige da zane, ƙanana, tsaf-tsaf. Ya ɗaga kai. "A nan wa ya iya rubutun Buzaye?"

Wani direba Buzu, Ilyas, ya leƙo da kofin shayinsa a hannu. Bai ma sunkuya sosai ba. Ya ce, "Agali."

Babu mai mata a filin nan da bai san wannan sa hannun ba, yana bayan abin wuyan matarsa. Sai wani ya ce, "Ashe Baba Agali ya samu aiki a ƙasar nasara," sai filin ya ɓarke. Masu dako suna riƙe ciki. Na nemi Sani na rasa, da alama ya tafi Tawa da gaske. Ni kuwa ina tsaye, gumi yana bin ƙafata cikin wando.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ajidan ya taso, ya tsaya a kanmu. "Mene ne? Hatimin jabu ne?"

Wanda ya rayu a wancan zamanin ya san inda wannan kalmar take kai mutum, balle mai ɗaukar hatsin agaji. Shef Hamani ya ɗauko almakashi ya yanke wayar, ya ce, "Mon adjudant, ado ne. Ba ka san Gobirawa ba? In suka so abu har 'yan kunne suke sa masa." Ya kama hannuna ya danƙa mini hatimin, ya rufe yatsuna a kai. Ajidan ya dube ni, ya dube shi, ya yi tsaki ya koma inuwa.

Shef ya ja ni bayan motar, ya sauke murya, wasa ya ƙare. "Da yankakkiyar waya na tarar, da na rubuta gaskiya: an buɗe pompin gazuwal, amma abin da ya karye pompin baƙin mai ne, wannan bai jawo wancan ba. Yamai za su yi gardama, ni ma in yi. Cikin ukun da suka wuce ɗaya haka yake, kuma na karɓo masa moter. Taɓa mota ba ya kashe garanti gaba ɗaya. Wurin da ka taɓa ne kake ɗauke wa kamfani, da duk ɓarnar da taɓawar ta jawo. Amma yanzu ka sa mini ƙarya a gaban mutum ashirin da soja. In na sa hannu a kan wannan, gobe ba wanda zai yarda da hannuna, har a kan masu gaskiya."

Abin da ya rubuta layi ɗaya ne: an yanke hatimi, garantin moter ya faɗi. Bai rubuta jabu ba. Ya aika aka nemo Sani, ya zauna da shi har azahar yana nuna masa abin da zai gyaru da abin da sai an sayo, ya rubuta mana sunayensu, bai karɓi ko dala ba.

Da la'asar na tafi wurin Baba Agali da fushina. Na ce, "Baba, wa ya ce ka sa sunanka?"

Bai ɗago daga zugazuginsa ba. "Shekara arba'in ko zobe bai taɓa fita daga nan ba sai da shi. In aiki ya ɓaci a san wanda za a zaga." Sannan ya dube ni ta saman tagilmus. "Ka ce ado ne. Ko ba ado ba ne?"

Har yau ban san ko ya gane tun farko ba. Muna cikin haka sai ga Shef Hamani ya yi sallama, wai ya zo ya ga mai wannan hannun, kuma yana son abin wuya wa uwargidansa. Suka gaisa kamar tsofaffin abokai. Ni na zuba musu shayi.

Ga lissafin. Na rasa sabon moter da yake nawa ne halak. Na sayar da sauran rabin filin na gyara tsohon. Wata biyu motar tana kwance, wasu suna kai hatsin da ni ya kamata in kai. Na samu suna, domin har yanzu tsofaffin tasha Mai 'Yan Kunne suke kirana, duk da garajin sayar da motocin da nake da shi. Duk wanda ya sayi mota a hannuna ina buɗe masa gabanta in ce ya tambaya kafin ya taɓa, in kuma ya taɓa ya faɗa da bakinsa. Hatimin yana nan a jikin makullaina. Sefa jika biyu na biya Baba Agali ya tona mini asiri, kuma cikin duk abin da na saya a rayuwata shi kaɗai ne bai taɓa ɓaci ba.