Garkuwan Sirri da Fayil ɗin Zuwaira

Karaye ta yi dace da Malam Ɗanmaliki. Tun da ya je bitar wuni ɗaya a Kano kan kare bayanan jama'a, ya dawo da jaka da hula mai tambari, garin ya samu mai rufa masa asiri. Ko sunansa ka tambaya, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Me za ka yi da shi?" 'Yan majalisar bakin tasha suka naɗa shi Garkuwan Sirri, shi kuwa ya amsa har da gyara zama.

Ana nan aka kira Zuwaira, 'yar ƙaninsa, intabiyun aikin nas a wani asibiti a Rogo. Shekara biyu tana jiran kiran nan. Ta haɗa fayil tsaf, asali da kofe: takardar gama makaranta, lasisi, katin ɗan ƙasa, da bayanin wasu marasa lafiya da ta yi jinya, ta cire sunayensu kamar yadda aka koya mata. Kuskurenta ɗaya, ta je gaida Baffa da fayil a hannu.

"Ke yarinya ce," in ji shi. "Yanzu bayani ake sata, an daina satar shanu. Mu da muka yi bita mu muka sani."

Ya kulle takardun asali a akwatin ƙarfe, ya rataya makulli a wuya. Sannan ya hau kofe-kofen da baƙin alƙalami mai kauri. Ranar haihuwa ta tafi, lambar lasisi ta bi ta. Da ya zo kan sunanta ya ɗan yi jim, sai kishin aiki ya rinjaye shi. A hotonta hijabi kawai ya tsira.

"Baffa, to yaya za su gane ni ce?"

"Ai nan gwanintar take."

Ba ta saba musu da Baffa ba. Ta haɗiye kukanta ta karɓi fayil.

Washegari a Rogo, shugabar nas-nas, Hajiya Tasalla, ta buɗe fayil ta ga baƙi kamar gindin tukunya. Zuwaira ta tabbata aikin ya kuɓuce. Hajiya ta juya shafi biyu, ta ɗago.

"Ke ce 'yar Ɗanmaliki?"

"Ni ce, Hajiya."

Hajiya ta ciro waya ta nuna mata. Ashe kafin ya shafe komai, Garkuwa ya ɗauki hoton kowace takarda fes, ya tura zauren WhatsApp na 'yan Karaye da Rogo, mai mutum ɗari bakwai, ya rubuta a ƙasa: "Ku ga sakacin yaran yanzu. Wannan kafin in gyara ke nan."

A wayar Hajiya aka duba lasisi. Aka yi wa Zuwaira tambayoyi, ta amsa ba inda-inda, aka ɗauke ta. Shawara ɗaya Hajiya ta ba ta: ta sake layin waya. Kafin motar da ta hau ta iso Karaye, baƙin lambobi goma sha ɗaya sun kira ta. Murna da takaici suka haɗe mata.

Da yamma Garkuwa ya iso majalisa, makulli na lilo a ƙirjinsa.

"Kun ga aiki da ilimi? An ɗauki yarinya, kuma ba wanda ya san komai a kanta."

Liti mai shayi ya miƙa masa kofi cikin ladabi.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Af, ashe ran sha biyu ga Maris aka haife ta?"