Ranar da Shanu Suka Ba da Shaida

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da jami'an muhalli suka zo duba filina na bakin dam, can wajen Malumfashi. Bayan na yi ritaya daga aikin hedimasta, na ƙudurta gina gidan hutawa a wurin, da katanga har bakin ruwa. Aka ce izini ba zai fito ba sai an tabbatar katangar ba za ta tare wa kowa hanyar ruwa ba.

To, akwai mashayar shanu a gefen filin. (A lokacin ni ban kira ta mashaya ba, ƙetare iyaka na kira ta.) Na sa aka share kashin shanu da sawunsu ƙal, aka shimfiɗa darduma, aka jera kujeru daidai wurin. Uwargidana ta ce, "Alhaji, su shanun an sanar da su?" Na amsa mata cewa wannan harkar hukuma ce.

Jami'an suka iso bayan azahar, wata Malama ke jagorantarsu. Na miƙe cikin babbar rigar shadda, na gyara murya irin ta taron safe, na ce, "Ina tabbatar muku, ko akuya ba ta shan ruwa a nan."

Ban rufe baki ba sai na ji huci a ƙeyata. Garke guda ne a tsaye, sun yi layin da ɗalibaina ba su taɓa yi ba. Malam Buba, makiyayin da muke sallah sahu ɗaya, ya leƙo daga bayansu.

"Alhaji, barka da baƙi. Ko za a ɗan naɗe dardumar su wuce? Ai ka san lokacinsu."

Wannan "ai ka san" shi ya gama da ni. Malamar ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, ta ce, "Baba, mun ji shaidarka, bari mu ji tasu." Ni da kaina na ɗauke kujera.

Amma ban janye ba. Na yi ta zarya ofishinsu, aka sake zane, aka ja ginin baya, aka bar wa shanu hanyarsu, izini ya fito. Yau gidan yana nan tsaye, kuma kullum bayan azahar garken yakan wuce ta gaban barandata, wani bijimi yana kallona kamar tsohon sufeton makarantu.

Na dai koya da furfurata cewa tsintsiya tana share sawun saniya, amma ba ta share ƙishirwarta.