Tsagar da Na Sa Aka Yi wa Bindigar Babana

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka kai ɗiyata Hadiza gidan miji ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Waca ba za su bari ba. Tun da haka ne, gara ku ji daga bakina, don waɗanda ke yaɗa labarin a kasuwa kullum ƙara masa gishiri suke yi.

Ni manomi ne, amma gidanmu gidan maharba ne. Yanzu da daji ya ƙare, abin da ya rage mana shi ne buga bindiga a biki da Sallah. Albarushi da tsumma kawai muke ɗurawa, babu harsashi, a ɗaga sama a danna, gari ya ɗauka. Tawa bindigar ta gado ce, ta babana, doguwa baƙa, mai nauyi kamar taɓarya. Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ni ne dai na gaji da ganinta haka ba ado.

Wata rana wani direba ya nuna mini hoto a salularsa: bindigar Turawa ce, an feƙe jikin bututunta kwari-kwari daga gindi har baki, kamar tsagar fuska. Ya ce ana yi ne don ta rage nauyi, ta kuma yi saurin hucewa. Ni ban damu da hucewarta ba (sau nawa nake bugawa a shekara?), kyan ne ya tsaya mini a rai. Nan take na ƙudura cewa ranar bikin Hadiza da bindiga mai tsaga zan fita, musamman don Ɗan Jimma, taubashina kuma abokin buguna, wanda ya ɗaura wa tasa jar fata da ƙwayoyin wuri yana ta yi mana yanga.

Na fara da maƙerin garinmu. Ya juya bindigar, ya dubi hoton, ya miƙo mini kayana ya ce shi ba ya fere ƙarfe kamar rogo. Na naɗe ta a tabarma na hau kabu-kabu zuwa Dungas ranar kasuwa. Maƙerin can ya tambaye ni ko bindigar ce ta kai ƙara cewa tana son tsaga. Mutanen rumfar suka yi dariya, ni ban yi ba. Da na dawo gida, maiɗakina Rabi ta ce, “Malam, ka bar wa tsohuwar nan fuskarta mana. Ga gyaran ɗakin amarya ba a gama ba.” Na ce mata harkar maza ce.

A Sassumbrum aka kwatanta mini wani mai walda, Sani, mai yin ƙofofi da gyaran amalanke. Shi ma da farko cewa ya yi ba zai iya ba. Na zauna a kan bencinsa na ce to ni ma ba zan iya tashi ba. Muka yi azahar tare, muka yi la'asar tare, ina nan. Daga ƙarshe ya share gumi ya ce, “To Baba, bar ta. Ka dawo kasuwa mai zuwa.”

Jama'a, da na dawo na ga bindigar nan sai da na yi salati. Layi-layi a miƙe sambal tun daga gindi har baki, baƙin fenti yana sheƙi, ga wani zobe da ya sa mata a baki. Ta fi ta hoton kyau, har gobe ina kan wannan magana. Sani ya ce, “Sharaɗi ɗaya, Baba: kada ka kankare ta, kada ka bar ta a rana, kuma kada ka yi saurin bugawa. Fentin bai gama kamawa ba.” Na ce na ji. Da na ɗaga ta, sai na ji kamar ta ƙara nauyi (eh, na ji, ba zan ɓoye muku ba), amma na gaya wa kaina gajiyar hanya ce.

Daga ranar ban bar kowa ya huta ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai na fito da ita. Na hana a taɓa, sai dai a kalla. Ɗan Jimma ya zo, ya sunkuya yana leƙe, ya ce, “Taubashi, ba ni in ji nauyin.” Na ce, “Wane nauyi? Ai babu. Kamar kara take yanzu.” Na ɗaga ta da hannu ɗaya don ya gani, jijiyar wuyana na neman tsinkewa, ina murmushi.

A al'adarmu, in amarya ta iso ƙofar gidan miji, babban maharbi ne ke fara bugu. Shekaru Ɗan Jimma ke yi, don ya girme ni. Wannan karon na kafe: ɗiyata ce, bindigata ce sabuwa, ni zan fara. Aka kai ruwa rana, ya bar mini.

Gidan mijin a wani ƙauye yake kusa da Dungas, mutanen kirki masu shanu da gonaki. Muka tafi a bayan a-kori-kura, rana na dukanmu, ni kuwa na ƙi naɗe bindigar a tabarma. Me ya sa zan ɓoye ta? Na rungume ta a tsaye don duk ƙauyen da muka ratsa su gani. Na ɗan ji tana danƙo a tafin hannuna, na ce gumi ne.

Muka isa bayan la'asar. Dangin ango sun cika ƙofar gida, uban ango Alhaji Sale yana tsakiya da babbar riga, mata na guɗa, an jera ƙoren fura da nono a inuwa. Na fito fili, na zagaya a hankali don kowa ya ƙare wa tsagar kallo. Har kirari na yi wa kaina. Sannan na ɗaga ta sama na danna kunama.

Ta tashi, wannan kam ba mai musu. Ƙarar ta yi kyau, har shanu suka zabura. Amma da hayaƙi ya washe sai na ji guɗa ta tsaya cak. Na ɗaga kai. Abin da ke hannuna ba bindiga mai tsaga ba ce. Wasu siraran ƙarafuna ne suka balle daga jikin bututun, kawunansu na riƙe a zoben nan na baki, gindinsu ya baje ko'ina, suna rawa. Ƙarafunan ƙafar keke ne. Ashe Sani bai feƙe komai ba: jera su ya yi a jikin bututun, ya liƙe da kol irin na gyaran takalmi, ya bi da fenti. Rana ta narkar, bugu ya ƙarasa. Ɗaya ma ya fice gaba ɗaya, ya yi sama, ya dawo ya tsaya ƙyam a cikin ƙwaryar fura.

Sai kakar ango, wata tsohuwa mai sanda da ba ta gani sosai, ta ɗaga murya ta ce, “Wai baban amarya laima ya zo da ita? Ai damina da saura.”

Shi ke nan. Ɗan Jimma ya zube ƙasa yana dukan turɓaya. Alhaji Sale ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Har Hadiza, da ya kamata a ce tana kukan rabuwa da gida, na ga mayafinta na motsi, kuma na san ba kuka ba ne. Tafin hannuna baƙi ƙirin, gaban farar rigata ma haka.

Kun san abin da na yi? Ban sauke ta ba. Na riƙe ta a sama yadda take, na dubi tsohuwar na ce, “Inna, sabon yayi ne. In ta buga sai ta yi wa mai ita inuwa.” Na sake ɗura albarushi, ƙarafunan na sukar hannuna, na sake bugawa. Sauran ƙarafunan suka watse, yara suka bi suna tsinta. Sai a lokacin mata suka dawo da guɗa, rabi guɗa rabi dariya.

Bayan biki na koma Sassumbrum da niyyar faɗa. Sani na hango ni ya ajiye abin walda ya ce, “Baba, ka buga ke nan.” Na ce ya yaudare ni. Ya ce, “Na ce ba zan iya ba ka ƙi tashi. In na feƙe ta, tsoro nake ta fashe a fuskarka. In na ƙi, ka kwana a bencina. Ya zan yi?” Na ce ko ba komai ai sai ya sa kol mai kyau. Muka rabu a haka, kowa na ganin shi ke da gaskiya.

Yanzu daga Waca har Dungas sunana Mai Laima. Har surukina, yaro mai kunya, na taɓa jin ya ce “gidan su Baba Mai Laima” bai san ina bayansa ba. Ina amsawa, kuma da ƙarfi. An yi bukukuwa da yawa a ƙasar nan, an buga bindigogi ba iyaka, wa ke tuna ko ɗaya? Na Hadiza kuwa har yau ana zancensa.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma ba wai in daina son ado ba ne. In mai sana'a ya ce maka ba zai iya ba, ka tashi daga bencinsa tun da wuri. In ka matsa masa zai iya ɗin, kuma a gaban surukanka za ka ga yadda ya iya.