Rasuwar 'Yar Katako, Kwamfutar Injiniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan gidan Baba Kafinta ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan wasa na kusa da na nesa rasuwar 'Yar Katako, kwamfutar wasa ta babban ɗan gidan, wanda aka fi sani da Injiniya duk da cewa aikinsa gwajin jini ne a asibiti. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a falo, tana da shekara uku da wata biyar, tana tsakiyar jan tirela a kan gada a cikin wasa. Ƙanwarsa ce ta rubuta wannan sanarwa a madadinsa, don tun ranar ba a samu kalma biyar a jere daga bakinsa ba. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya je aiki ya dawo, ya zauna gaban baƙin allo da takalmi a ƙafa. In an kawo abinci ya ci, in an tambaye shi ko gishiri ya ji, ya ce bai lura ba.

Marigayiya ba daga shago ta fito a haɗe ba. Gaɓa-gaɓa aka tara ta cikin wata goma sha ɗaya, daidai ruwa daidai tsaki. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, ta shekarun baya ce, wadda yayinta ya wuce amma ƙarfinta bai wuce ba. Katin hotonta, mai zana abin da ke fitowa a allo, na hannu ne, an same shi wajen wani mai shagon wasa da zai rufe, kuma sai da Injiniya ya yi awa guda yana gwada shi yana shafawa kamar mai tayin rago. Ram ɗinta guda biyu, masu riƙe mata tunani, ba uwarsu ɗaya ba, tsakaninsu wata huɗu, amma har ta koma ga ƙarfe ba a taɓa jin kansu ba. A akwatin rarraba wuta ne kaɗai ya ƙi neman sauƙi, ya sayi sabo dal, ya ce a nan araha ba ta ado. Komai ya yi shi bisa ƙa'ida, muna shaida. Abu ɗaya ya bari, wato gidan da za a saka ta, don a cewarsa gida ba ya ƙara gudu. Wata shida ta yi tsirara a kan kwali, ana tayar da ita da bakin sukundireba.

A wannan hali Baba ya same ta. Shekara arba'in Baba ya yi yana aikin katako, kuma ra'ayinsa kan wasan bai ɓoyu ba: ƙato da gemu yana tuƙa motar da ba ta zuwa ko'ina. Ranar ya shiga ɗakin neman wani abu daban, ya tsaya a kanta, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya auna tsawo da faɗi, ya fita. Bayan kwana tara ya dawo da akwatin maɗaci, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, haɗin da ko aska ba ta samun wurin shiga. Ƙofa ɗaya ya bari a baya saboda wayoyi, sai murfi mai zarewa a gefe da ke rufewa ruf. Ya ce ƙura ce ke kashe kayan wuta, shi ya sa ya toshe mata ko'ina.

Injiniya ya san abin da akwati marar iska ke yi wa katin hoto. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga yadda Baba ke shafa gefen katakon, ya tuna tun yana firamare rabon da Baba ya yi masa wani abu da hannunsa. Ya ce ya gode, Allah ya ƙara girma. Daga ranar aka raɗa mata suna, daga ranar kuma ya koyi munafunci mai tsafta: in zai yi wasa ya zare murfin gefe ya tura ƙarƙashin gado, in ya ji takun Baba ya mayar. Shekara biyu da 'yan watanni suka yi a haka, kowa lafiya.

An san marigayiya da haƙuri da rashin raina wasa, babba ko ƙarami. In an tashe ta sai ta ce "ƙiit" sau ɗaya, ta ja numfashi "fuuu", ta kama aiki. Ba ta taɓa ƙorafin cewa allonta tsohon talabijin ne mai tabo a kusurwa ba.

Jinyarta ta fara ne daga jinyar wani. Wata bakwai da suka wuce Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya tafi, harshe ya yi nauyi. Aka dawo da shi falo, ya yi makonni yana kallon bango. Wata rana Injiniya ya kawo 'Yar Katako kusa da shi don ya riƙa ganin aikin hannunsa, ya kunna wasan tirela. Motar ta nufi wata kwana da gudu, sai muka ji murya daga kan kujera, tar da ita: "Birki!" Mama ta saki faranti. Likita da aka gaya masa ya ce duk abin da ke sa shi magana a ci gaba da shi.

Aka ci gaba. Kullum bayan la'asar, awa uku, Injiniya na tuƙi, Baba na gefe yana faɗa kan ganganci, hannunsa na hagu a kan akwatin. Murfi a rufe. A kusurwar allo akwai lambar da ke nuna zafin jikinta, ta tashi daga saba'in ta koma tamanin, ta haye casa'in, ta yi ja. Mutumin da sana'arsa karanta sakamakon gwaji ce ba ya buƙatar a fassara masa. Ya kawo fankar tebur ya saita mata, a banza. Sau ɗaya ya kai hannu ga murfin, ya ce zai share ƙura. Baba ya tambaya ko akwatin ne ke da matsala, ya ce a'a, ya janye hannu. Washegari ya shiga ya kashe lambar, ya daina ganinta.

A makon ƙarshe "fuuu" ya koma "ƙarr, ƙarr", hoto ya riƙa fitar da ɗigo-ɗigo kore. Ranar Talata ta ce "tas", ƙaurin roba ya tashi, allo ya yi baƙi. Injiniya ya ci gaba da riƙe sitiyari har Mama ta zo ta zare shi daga hannunsa. Mai gyara ya tabbatar da cewa katin hoto ya tafi, ya ja uwar allon da komai ke zaune a kai suka tafi tare.

Ta rasu ta bar ram biyu, furosesa da ba a san halin da take ciki ba, sitiyari mai ɗaurin salatif, da akwatin rarraba wuta, wanda ke nan garau kamar ba a yi komai ba. Ta bar tirela ɗaya a tsakiyar gada. Ta kuma bar wani dattijo da ya koma kallon bango, kuma wannan shi ne abin da ya hana Injiniya magana, ba katin ba. Addu'ar rahama dai an ce ba a yi wa ƙarfe, sai mu ce Allah ya ba mai ita haƙuri.

Da farko iyali sun shirya roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya ambaci zafi a gaban Baba, a ce wutar lantarki aka kawo da ƙarfi. An janye wannan roƙo. Jiya da hantsi Baba ya yi wa Mama nuni ta miƙo masa fensir, da Injiniya ya dawo daga aiki ya tarar da murfin gefe a kan cinyar Baba, an zana masa da'ira ashirin da huɗu, layi uku, a karkace irin zanen hagu.

"Ni kafinta ne, ba kurma ba," in ji Baba, kalma ɗaya-ɗaya. "Na ji tana haki."

"Baba, me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Kai me ya sa?"

Injiniya ya zauna a ƙasa, ya cire takalminsa, karo na farko tun Talata ba tare da an ce ya cire ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a share gawar, wato katin da uwar allon, da burushi, a naɗe ta a ledar da katin ya zo a ciki, a kai ta shagon mai gyara, inda zai ajiye ta a kwandon da yake ajiye irinta. Akwati ba zai bi ta ba. Babu zaman makoki, babu kujeru, kuma har yanzu babu sabon kati ko ranar zuwansa. Daga shagon za a dawo tsakar gida, ana roƙon duk mai injin huda katako ya taho da shi, da baki mai kaurin yatsa. Injiniya ne zai huda. Baba ya ce shi zai riƙe katakon.