Oga Tsaf-Tsaf da Kwamfutar da Ba Ta Tari

Duk wanda bai san Oga Tsaf-Tsaf ba, to ya yi asarar zuwansa duniya. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar tsari. Alƙalumansa ma bisa tsawo suke kwanciya a kan tebur, babba a dama, ƙarami a hagu. A ofis shi ne mataimakin shugaban sashen tsare-tsare, kuma tun da aka ba shi kujerar ba a taɓa ganin takarda ta ɓata masa tebur ba, don duk wadda ta zo, na ƙasa da shi yake tura wa. Ai babban mutum ba ya aiki, sai dai ya tsara yadda za a yi.

To wannan gwarzo ne ya tashi wata safiya ya ce zai haɗa kwamfutar wasa da hannunsa. Ba irin ta kanti ba, wadda kowane kare da doki ke saya. Tasa za ta cika sharaɗi biyu: ba za a ji ƙararta ba, kuma ba za a ga waya ko ɗaya tana lilo ba.

"Ƙara alamar rashin wayewa ce," in ji shi, yana goge tabarau. "Injin da ya san kansa ba ya ihu. Waya kuwa kamar hanji take, kowa na da ita amma ba a nunawa."

Masha Allah. Wannan hikima haka, a ce a gida ɗaya ta taru!

Sai dai hikima tana son ɗaki, ɗakin da ya rage a gidan kuwa ɗaya ne, wanda matarsa ke ɗinki a ciki. Tela ce, Mai Ɗinki ake ce mata a layin, kuma kekenta ne ke cika tukunya duk lokacin da albashin Oga ya ƙare a kan turare da man takalmi. Ya ce kekenta na hana shi jin shirun da yake nema. Ku ji fa! Mutum yana neman ya ji shiru. Aka tura keken zuwa lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda in ta miƙa hannu za ta ja yadi sai gwiwar hannunta ta daki bango. Masu kawo ɗinki a tsaye take auna su, mai shiga banɗaki yana cewa a gafarta. Biyu daga cikinsu suka kwashe yadinsu suka kai wani wuri. Ta yi shiru, don ita ma ta iya shirun, ba kwamfuta kaɗai ba.

Kaya suka fara isowa a kwalaye. Akwati mai gefen gilashi. Fankoki masu fitila. Sai uban gayyar, wani ƙaton ƙarfe mai fanka uku da ake kira katin hoto, wanda shi ke ɗauke da nauyin fitar da hoton wasa a allo. Oga ya rungume shi ya shiga da shi ɗaki kamar an miƙo masa jariri daga ɗakin haihuwa.

Daga nan gida ya zama asibiti. Safar hannu yake sawa. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga da shayi, mai mura kuwa ko ƙofar kada ya taɓa. Kowace waya sai ya taje ta, ya lanƙwasa, ya bi da ita ta bayan akwati, ya ɗaure da 'yar robar ɗauri, ya ja har sai ta yi ƙara. In ya ja baya ya ga wata ta ɗan karkace, sai ya yanke duk ɗaurin ya sake. Wayar allo kuwa auna ta ya yi, ya sayo daidai tsawon da yake so, babu rarar ko ɗan yatsa. Ya bi da ita ta ƙarƙashin tebur, ya manne ta da katako, ya haɗa ta dami ɗaya da sauran, har akwati da tebur suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Mutumin da bai taɓa ɗaure wa gidansa labule ba!

Ranar da ya kunna ta, ya kira Mai Ɗinki ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me kika ji?"

"Ban ji komai ba."

"To shi ne! Abin da kika kasa ji ɗin nan, shi na biya."

Ta dubi fitilun suna sauya launi, ta dubi wurin da kekenta ya bar sawu a leda, ta ce Allah ya sanya alheri.

Ana haka sai ƙaninta ya kawo ziyara. Auta suke ce masa, ma'aikacin jinya ne, gemu har ƙirji amma bakinsa bai girma ba. Ya tarar da yayarsa a lungu tana yanka a kan gwiwa, ransa ya sosu, amma sai ya bi ta wasa.

"Yaya," ya ce da Oga, "wannan akwatin kifin naka yana wasa kuwa, ko kallo kawai ake yi?"

Oga ya yi murmushin tausayi. "Auta, kai da ka saba da 'yar tsohuwar kwamfutarka mai kukan injin niƙa, ba za ka gane ba. Ko da hannu ɗaya na ga dama sai in lallasa ka a ƙwallo."

"To mu gwada. Kowa da tasa, a haɗa su. In ka ci ni, ni zan riƙa wanke maka mota har ƙarshen shekara. In na ci ka, ɗaki ya koma hannun mai shi."

Dokin mai baki ya fi gudu. Oga ya amince a gaban matarsa, har ya ƙara da cewa zai gayyato Akanta, abokinsa na ofis wanda shi ma yana taɓa haɗa kwamfuta, don a samu shaida mai ilimi. Mai Ɗinki kuwa ranar sau biyu ta soke yatsa da allura. Ta san halin mijinta: in ya ci, ita da lungu sai dai mutuwa ta raba.

Ranar hutu da hantsi aka taru. Auta ya ajiye tasa a kan kujera, wata baƙar aba da aka ɗaure murfinta da salatif, tana kunnuwa ta fara huci kamar ta hau tudu. Oga ya toshe kunne da yatsa. Sannan ya miƙe ya yi jawabi, don wa zai fara taro babu jawabi?

"Jama'a, ku dubi bambanci. Can hayaniya, nan natsuwa. Ku dubi fankokin katin nan. Ko motsi ba sa yi. Tun da na haɗa shi bai taɓa yin gumi ba. Haka manya suke, aiki na tafiya, ba a ganin wahala a fuska."

Aka take wasa.

'Yan wasan Auta suka fita da gudu. Na Oga kuwa, wayyo, kamar masu ciwon gwiwa. Ɗan gabansa zai ɗaga ƙafa, sai hoto ya tsaya cak, in ya dawo ƙwallo tana can cikin raga, ragar Oga. Mai tsaron gidansa ya yi tsalle bayan an gama murna. Oga ya danna, ya matsa, ya karkata jiki har ya kusa faɗowa daga kujera. Gumin da katin bai yi ba, shi ya yi. Amma a gaskiya, don kada a ci haƙƙinsa, ɗakin shiru yake ta ɓangarensa. Ko tari kwamfutar ba ta yi ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Akanta ya zagaya baya don ya yaba ɗaurin wayoyi, tunda abin da aka gayyato shi yi ke nan. Ya sunkuya, ya daɗe, ya ɗago yana cije leɓe.

"Mutumina, wayar allonka a kafar sama ka soka ta. Ai ta ƙasa ce ta katin. Ka ga shi ya sa fankokinsa ba sa juyi, babu wanda ya taɓa ba shi aiki. Tun farko 'yar ƙwaƙwalwar injin ce ke ta fama ita kaɗai."

"Na sani," in ji Oga, da saurin wanda bai sani ba. "Ta saman ce ta yi daidai da layi."

"To sauko da ita mana. Saura rabin wasa."

Oga ya zare wayar, ya ja ta ƙasa. Ta ƙi isa. Ya ƙara ja. Tazarar ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba, amma ai shi ya auna, kuma aunin Oga ba ya kuskure. In tana son isa, sai an yanke ɗaurin nan duka, damin ya warware, wayoyi su zubo a gaban baƙi kamar an farke cikin akuya.

Mai Ɗinki ta leƙo daga ƙofa. Kuma ku ji halin kirki: ɗakinta ake caca a kai, amma ta miƙo masa almakashinta.

"Maigida, ga shi. Kada gobe a ce ba a ba ka dama ba."

Ya karɓa. Ya kai bakin almakashin kan ɗauri na farko. Ya dubi wayoyin nan a jere, kwance luf kamar kitson da aka gama yanzu. Ya ajiye almakashi, ya mayar da wayar kafar sama, ya gyara zaman tabarau.

"Wasa na minti kaɗan ne," ya ce. "Tsari kuwa na har abada ne. Tarihi zai yi mini adalci."

Tarihi bai zo ba, Auta ne ya zo. Abin da aka yi a rabi na biyu ba ya faɗuwa a gaban yara. Akanta da ke ƙirga ƙwallaye ya bari da kansa, saboda zumunci.

Kafin la'asar Auta ya turo keke ya mayar da shi mazauninsa. Sai ga wata matsala: kwamfuta ba ta fita. An ɗaure ta da tebur, teburin kuwa ya fi ƙofa faɗi, a cikin ɗakin aka harhaɗa shi. Ko a yanke ɗaurin, ko a bar ta. Oga ya ce shi dai yana raye ba za a taɓa masa waya ba.

Mai Ɗinki ta ce babu komai, a bar mata. Ta ja kujerarta kusa da gilashin. Dama idonta ya fara ba ta wahala wajen zura zare a allura, hasken fitilun nan kuwa ya yi mata daidai. Kullum da safe sai ta kunna, ta zura zarenta, ta kashe.

Ita dai kwamfuta, alhamdulillahi, ta samu aikin yi. Saura mai ita.