Tabon Moto a Ƙwaurina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka kai ƙawata Balki gidan miji, daga unguwar Zango zuwa Dasasgo, a nan birnin Waga. Mu bakwai ne ƙawaye, shida kowace da motonta, wato babur, ni ce kayan da ake ɗauka. Ba wadda ta taɓa yi mini gori. Sai dai in an tashi fita, su karkaɗa makullai, wata ta ce, "Wa zai ɗauki Hajara?" kamar ana maganar buhun gero. Tambayar nan ta fi mari yi mini ciwo.

Sai na ari moton yayana, na yi sati uku ina koyo a ɓoye a bakin barajin Tangin, madatsar ruwan nan, inda ba mai ganina sai masu ban ruwan ganyen salati. (Da wandonsa da silifa nake koyon, ku riƙe wannan.)

Ranar biki na fito cikin anko, zani ɗaure tamau, ga takalmi mai tsini. Na karkaɗa makulli har sau biyu don a ji. Rakiya, babbarmu, ta matsa mini wuri a layi. Nan take kaina ya kumbura.

Tafiya ta yi kyau. A ƙofar gidan ango kowace ta tsaya, ta sauke ƙafa ɗaya cikin yanga. Ni ma na kama birki, na zo sauke ƙafa, zani ya ce bai san zancen ba. Ni da moto muka kishingiɗa a hankali kan babbar robar zom-kom, ruwan geron da ake tarbar baƙi da shi. Bututun hayaƙi ya manne mini a ƙwauri.

Gwaggon ango ta leƙo ta ce, "'Yar nan, da kin yi haƙuri ai da a kofi za mu ba ki."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tabbata na koma buhun gero har abada. A ɗakin amarya ina hawaye, Rakiya na shafa mini man goge baki a ƙunar, sai ta ɗage zaninta kaɗan. Tabo, daidai wurin nawa. Sauran ma suka ɗage, har da amarya.

"Yau kika zama 'yar Waga," in ji Rakiya.

Na dai koyi cewa abin da za ki yi da zani, kada ki koye shi da wando. Kuma da na san tabo ne katin shiga, da tun ranar farko na jingina ƙafata da bututun nan na huta.